Gidajen Abinci Biyar da Benen da Aka Hana Ni Hawa

Jama'a, yau ku bar ni in amayar da abin da ke cikina, don in na ci gaba da haɗiye shi, ƙarshenta asibiti za a kwashe ni. Wanda ya taɓa zama baƙo a wani gari, yunwa na cinsa, ga abinci ta ko'ina, amma an rubuto masa daga gida inda zai ci da inda ba zai ci ba, shi kaɗai zai gane halin da nake ciki.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, a shagon tabarau nake aiki. Ni nake auna tazarar idon mutum, in yanka gilashi, in zaunar da shi a firam. Maigidan shagonmu ya sayo sabon injin yankan gilashi da ba wanda ya iya shi, sai ya turo ni wannan birnin kos na sati shida. Na sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, a ɗakin da take ajiye keken ɗinki da akwatunan 'ya'yanta da suka yi aure. Katifata tsakanin keken da bango take. In na yi juyi da ƙarfi sai ƙarfen keken ya gaishe ni a ƙwauri.

Sai kuma mutumin da ke neman aurena. Mama "Injiniya" take ce masa, tana jan kalmar kamar tana tsotsar alewa. Ni Mai Firji nake ce masa, don aikinsa ke nan, gyaran firji da ɗakunan sanyi na kamfanoni. Bara ya shigo shagonmu canjin gilashi, ƙafar tabaransa ta hagu ɗaure da jar wayar lantarki. Na jera masa sababbin firam goma sha biyu. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya ce, "Malama, wayar nan ta fi ƙusarku ƙarfi." Na yi tsaki a zuciyata, na sa masa gilashin a tsohon nasa. Bayan sati biyu ya dawo wai gilashin yana hazo. Ba hazon komai da yake yi. Bayan wata uku sai ga shi a falon Baba.

Baba bai taɓa ce min dole ba. Ranar da zan taho ya kira ni ya ce, "Auta, mutumin nan ya kusa shekara yana zarya. Ba a ajiye ɗan mutane a bakin ƙofa. Ki je ki yi karatunki, ki yi tunani. Kafin ki dawo ina son amsa, ko e ko a'a, duk wadda kika bayar ita zan isar." Magana ce ta adalci. Mama kuwa tun a tasha ta fara yi min fassara: "Kin dai ji abin da Babanki ya ce. E yake nufi."

Kada in yi muku ƙarya, ba ƙin mutumin nake yi ba. Yana da haƙuri, ba ya cika baki, in ya yi dariya sai ya rufe baki kamar ya yi laifi. Abu ɗaya nake tsoro, kuma tun motarmu ba ta gama fita gari ba ya nuna kansa a wayata.

"Salamu alaikum Malama. Na taɓa yin wata uku a garin da za ki, shekara uku da suka wuce, aikin kwangila. Ga wuraren da za ki riƙa ci da sha."

Sai ga jeri kamar takardar magani. Lamba ɗaya, kusa da tashar bas, shinkafa da kaza. Lamba biyu, taliya. Lamba uku, gidan shayi mai koriyar rumfa. Lamba huɗu, babba mai gaban gilashi, in zauna teburin taga. Lamba biyar, ruwan 'ya'yan itace. A can ƙasa kuma ya ƙara layi ɗaya: "Akwai wani a saman bene, layin masu gyaran agogo, bayan inda za ku yi kos. Kada ki hau."

Na rubuta, "Saboda me?"

"Ba na faɗin abin da na gani a wurin aiki."

"Ni ma?"

"Kowa ma. Ƙa'idar sana'a ce."

Kun ga abin da nake tsoro ke nan. Mutum tun bai same ni ba ya sa wa cikina lamba, ya kafa doka ba dalili. In na shiga gidansa fa? Numfashi ma sai na duba jeri?

Duk da haka na yi biyayya, Allah ya gani. Ranar farko na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi ruwan zuma, na tafi lamba ɗaya. Wuri fes, farin tayil har rufi, warin maganin goge ƙasa ya danne ƙanshin girki, sai ka rantse ɗakin haihuwa ka shiga. Aka kawo shinkafa da kaza. Shinkafar ba gishiri, kazar kuma da alama baƙin ciki ne ya kashe ta. Na ci cokali huɗu, na tura masa hoto, na rubuta, "Abincin nan ba shi da ɗanɗano."

"Amma kin leƙa firjinsu?"

"Firjin zan ci?"

"Ki ce su nuna miki. Nama a ƙasa, ganye a sama, komai da kwanan wata. Ni na haɗa musu shi."

A nan na gane bala'in da na shiga. Bawan Allahn nan ba da harshe ya zaɓi wuraren ba. Duk inda ya taɓa yi wa aiki ya ga bayan kicin ɗinsu da tsabta, shi ne gidan abincin da ya fi so a duniya. Wata uku ya yi yana shiga ta ƙofar baya, ni kuma aka turo ni ta gaba in ci sakamakon.

Lamba biyu shi ya sa musu esi, kuma da alama bai nuna musu inda ake rage shi ba. Taliyar kafin ta iso bakina ta sandare, ni ma na kusa bin ta. Lamba uku ya yi ta yabon madararsu, wai ba ta taɓa minti goma a waje ba. Gaskiya ne, madarar lafiyarta ƙalau, shayin ne kamar ruwan da aka ɗauraye kofi. Lamba biyar kuwa na yi ta zagaye cikin rana da takalmi mai tsini, har na gano wurin, na tarar da tayoyi jibge har bakin titi. Mai facin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ina motar?" Na rubuta wa Mai Firji cewa an rufe, yanzu faci ake yi. Kun san me ya amsa? "Allah sarki. Ko ina suka kai injinsu? Sabo ne fa." Bai tambaya ko na samu abin da na jiƙa maƙoshi ba.

Lamba huɗu kaɗai ake iya haɗiyewa. A can na yi sati biyu ina cin dankali da kaza har na fara jin kamar in yi cara da asuba.

Da a ce ni da shi ne kawai, da sauƙi. Ai ya tura wa Mama jerin, ita kuma ta tura wa Gwaggo, Gwaggo ta sa aka kwafe mata a takarda ta manna a jikin ƙofar kicin. Kullum bayan la'asar sai wayar Mama ta shigo.

"Auta, yau lamba nawa?"

"Mama, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Lafiya lau. Lamba nawa?"

"Huɗu."

"Kin ga? Namiji mai kula da cikinki tun ba a kai ki ba. Babanki shekara talatin da tara bai taɓa tambayata me na ci ba."

Gwaggo tana gefe tana tsinke zare da haƙori, sai ta ɗaga murya don Mama ta ji: "Ai na gaya mata. Mu a zamaninmu wa ya ba mu lamba? Yarinya ta samu wuri."

Na ce, "Gwaggo, wuri ɗaya ya hana ni, kuma ya ƙi faɗin dalili."

"To ke ina ruwanki da dalili? An hana ki guba kina tambayar launinta."

Na shige ɗaki, keken ya buge min ƙwauri, na zauna ina ƙwafa.

Ranar Larabar sati na uku injin kos ya fasa min gilashi uku a jere. Malamin ya ɗaga na ukun sama ya nuna wa 'yan aji kamar ya kama ɓera. Na fito raina a ɓace, cikina na kuka, na bi ta bayan ginin don kada in haɗu da kowa. Sai ga ni a layin masu agogo. Sai ga wani ƙanshi yana gangarowa daga wata siririyar matakala, kifi ne a cikin mai, da albasa, da lemon tsami. Na tsaya. Na tuna layin nan na ƙasan jeri. Na ce a raina, in guba ce yau sai na ga launinta.

Matakala goma sha bakwai ce, na ƙirga. A sama ɗaki ɗaya ne, tebur shida da ledar tebur mai zanen furanni, fanka ɗaya mai kaɗa kai kamar tana musu, taga tana kallon masu agogo. A kusurwa ga wani ƙaton farin firji mai ƙofa biyu. Ina kallo mai wurin ta buɗe shi ta ɗauko faranti. Ba wuta a ciki, ba sanyi, kwanuka ne da kofuna jere har sama.

Hajiya kowa ke ce mata. Doguwa ce mai jiki, ta ɗaure hannun riga har gwiwar hannu, tabaran karatunta ya karkace a kan hanci. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kallo ɗaya na san an taɓa zaune shi.

"'Yata, ba a tambaya a nan. Kifi ne da shinkafa, sai shayi."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku kifin nan ba. Fatar tana ƙaras-ƙaras, cikin yana rabuwa da kansa, yajin bai yi ihu ba amma ka san yana nan. Na cinye har na tsotse kai. Ta kawo shayi mai citta a ƙaramin kofin gilashi, da zafinsa, na kurɓa na ji gilashin nan uku da na fasa sun fita daga raina. Kafin in tafi na ce ta ba ni tabaranta. Na fito da 'yar filayata ta gyaran tabarau daga jaka, na miƙar da ƙafar, na matse ƙusa. Ta maƙala, ta dubi bango, ta ce, "Ikon Allah! Ashe kalandar nan ba a karkace take ba."

Daga ranar na zama 'yar gida. Teburina na kusa da taga, kofina mai ɗan tsagu a gindi. In na makara sai ta ajiye min tsakiyar kifi. Har labarin saurayin da ya sa wa cikina lamba na ba ta, ban dai faɗa mata sana'arsa ko dokar benen ba.

Saura Mama da lambobinta. Washegari na koma lamba huɗu sau ɗaya, na sayi dankali da kaza, na zauna teburin taga na ɗauki hoto goma sha huɗu. Wani daga sama, wani daga gefe, wani da cokali a dama, wani a hagu, wani da gefen mayafina. Kullum da rana sai in tura ɗaya, in hau benena. Mai Firji ya amsa da "Madalla", Mama ta sa albarka, Gwaggo ta daina yi min kallon tuhuma. Kowa ya huta. Na san ƙarya ce, kuma na san ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ku ɗanɗana kifin tukuna kafin ku yi min wa'azi.

A sati na biyar ne, wata rana da mutane suka ragu, Hajiya ta zauna kusa da ni tana ɓare tafarnuwa. Na nuna firjin da baki na ce, "Hajiya, wannan kuma kabad ne ko me?"

"Wannan? Gawa ce. Shekara uku ke nan."

Ta ba ni labari tana ɓara, ba ta ko dube ni ba. Malaman wata makaranta ne suka ba ta aikin liyafar sallamar shugabansu, mutum ɗari da ashirin. Ta sayo kifi kwando uku, ta gyara, ta jera. Ana gobe taron firji ya fara wani irin kuka. Aka kawo mata mai gyara, baƙo ne da ya zo aikin wani kamfani, wai ya fi na garin hannu.

"Mutum mai ladabi. Ya kwanta a bayansa, ya taɓa nan ya taɓa can, sai muka ji fat, ƙauri ya tashi. Ya miƙe ya ce in rufe ƙofar kada in buɗe, sanyin ciki zai riƙe, gobe da safe ƙarfe takwas zai dawo da abin da za a canza. Na yarda. Takwas ta yi ina tsaye a tagar nan. Tara. Goma. Da na buɗe da azahar, 'yata, sai da masu agogo suka toshe hanci daga ƙasa."

"Taron fa?"

"Shinkafa da ƙwai na aika wa mutum ɗari da ashirin. Shekara guda ba wanda ya ƙara ba ni aikin taro. A kasuwa har nuna ni ake yi."

"Ba ki nemi wani ya gyara ba?"

"Na rantse ba mai ƙara taɓa shi. Kullum da asuba nake zuwa in sayo na ranar, shi ya sa kifina ba ya kwana." Ta watsa ɓawon a kwano. "Ko a cikin mutum dubu na gan shi zan gane shi, da tabaransa ɗaure da jar waya."

Shayi ya sarƙe ni. Na yi ta tari har ta buga min baya. Da na samu numfashi na ce, "Wace ƙafar?"

"Ƙafar me?"

"Ta tabaran."

"Ta hagu. Ke dai da sana'arki."

Shekara uku da waya ɗaya! Ai kuwa ta fi ƙusarmu ƙarfi.

Na sauka matakalar nan ban san yadda na sauka ba. Haushi biyu ne suka haɗe min. Na farko, ashe ba cikina yake karewa ba, kansa yake ɓoyewa. Na biyu ya fi ci min rai. Da ya ce "kada ki hau", ya ƙara da "ba na faɗin abin da na gani", me ya bar ni ina zato? Sati biyu na yi ina cewa a raina ƙazamar mata ce a sama. Ya zubar mata da kifi, ya dawo yana zubar mata da mutunci ba tare da ya buɗe baki ba. Kuma abin da ya tsaya min a wuya shi ne, mutumin da zai ce wa mace ta rufe ƙofa ta jira shi, ya shiga mota ya tafi, shi ake so in ce wa e?

Ban gaya wa Hajiya ba, kunya ta hana ni. Ban gaya masa ba, ban san ta inda zan fara ba. Na ci gaba da tura kaza.

Yau ne aka ba mu takardar kammalawa, jibi zan koma gida. Tun da safe Mama ta kira sau uku, wai kawun Injiniya zai zo gaishe da Baba gobe da yamma, kuma ba gaisuwar ce za ta kawo shi ba. Na sa sabuwar rigata shuɗiya mai aiki a wuya, na hau bene cin kifina na kusa da ƙarshe. Wajen ƙarfe uku waya ta yi ƙara.

"Malama, kina ina?"

Na tura hoto na goma sha huɗu. "Lamba huɗu."

"Teburin taga?"

"E."

Sai ga hoto daga wurinsa. Teburin taga ne, kujera ɗaya ba kowa, ɗayar kuma jakar kayan aikinsa ce a kai.

Kafin in haɗa wata ƙaryar ya sake rubutowa.

"Na zo ne in taya ki murna, gobe da motar ƙarfe shida zan koma, ina da aiki. Na san ba kya zuwa nan. Ƙafar kazar nan ɗaya ce tun sati uku, tana da ƙuna a gefe. Na yi shiru ne don na ga ba kya son a sani. Kina ina?"

Kunya ta kama ni na minti ɗaya, daga nan haushi ya kore ta. Wato ni ce ma aka kama? Na rubuta: "Ina saman bene. Matakala goma sha bakwai ce. Hajiya tana nan, firjin ma yana nan."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Na kife wayar. Minti ashirin da biyar ina kallon fankar nan tana kaɗa kai. Shayina ya huce.

Sai na ji ƙarar ƙarafa a cikin jaka tana hawowa, a hankali, kamar mai hawa da ciwon ƙafa. A wajen ta tara ta tsaya. Na ce a raina, shi ke nan, ya juya. Sai ta ci gaba.

Ya tsaya a bakin ƙofa da farar riga da ya goge ta har tana ɗaukar ido, gumi ya jiƙa wuyanta. Ya yi sallama. Ni bai ko kalle ni ba. Hajiya ta juyo daga kan kasko da matsami a hannu, ta gyara zaman tabaran da na miƙar mata, ta dube shi tun daga takalmi har ta iso kan jar wayar.

"Mai gyara," ta ce. "Sai yau goben ta yi?"

Ya ajiye jaka, ya rusuna har ƙasa.

"Hajiya, ni na ƙone injin. Na haɗa waya ba daidai ba, kuma tun a lokacin na sani. Kwangilarmu a ranar ta ƙare, motar kamfani ta tashi da asuba, na shiga. Ba ciwo na yi ba, ba rasuwa aka yi min ba. Tsoro na ji."

Na so ya kawo wani dalili, wallahi, ko don in samu abin ƙaryatawa. Bai kawo ba.

Hajiya ta rage wuta. "Injin bai dame ni ba, ƙarfe ne. Da ka ce min ka ƙone shi, da na raba kifina firjin maƙwabta tun da yamma. Cewa ka yi in rufe ƙofa in jira."

"Haka na ce."

Ni kuma bakina ya ƙi haƙuri. "Kuma ka bar ni ina zaton ƙazanta ka gani a wurinta."

Hajiya ta dube ni, ta dube shi, ta ɗan daki ƙirji. "Au! Wannan ne mai lambobin?"

"Shi ne, Hajiya."

Ya ce, kansa a ƙasa, "Shi ma laifi ne, Malama. Ban so ki san ni ta nan ba." Ya ɗago ya dubi firjin. "Hajiya, ki ba ni izini in duba."

Ta juya kifin da ke cikin kasko. Can ta ce, "Rantsuwata za ka sa in yi wa kaffara. Fitar da kwanukan."

Haka na ƙare ranar kammala kos ɗina, jama'a. Wasu ana kai su cin abinci da furanni, ni ina tsugune da sabuwar riga a bayan mataccen firji ina haska wa saurayi fitilar waya. "Ƙasa kaɗan, Malama. Hagu. Hagunki." Minti arba'in. Yanar gizo a mayafina, faranti da kofuna sun cika tebur huɗu. Da ya fito Hajiya ta dangwarar masa da faranti ta ce, "Ci. Wannan bai kwana ba." Ya ci loma biyu a tsaye, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Ya fi na lamba huɗu." Na harare shi har sai da idona ya yi zafi.

Ya wanke hannu ya ce jikin firjin lafiya lau, injin ne za a canza da wani ɗan abu guda, ya kira shagon da ke da su, sun riga sun rufe.

"Ki bar shi haka, Hajiya. Gobe da safe ƙarfe takwas zan..."

Ya ji abin da ke fitowa daga bakinsa, ya tsaya. Hajiya ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

Na ce, "Motarka ƙarfe nawa ka ce?"

"Shida."

"To?"

"Zan kira abokin aikina ya riƙe min. Zan kwana. Zan zo."

Zan, zan, zan. Ya ɗauki jakarsa ya yi sallama, muka ji ƙarafan suna sauka har suka ɓace a cikin hayaniyar layi.

Ko minti biyar ba a yi ba Mama ta kira.

"Auta, Gwaggonki ta ce Injiniya ya zo gari! Kun gaisa? Lamba nawa ya kai ki? Me zan ce wa Babanki?"

"Mama, ki ce masa gobe ƙarfe takwas zai ji."

"Takwas kuma? Me ke faruwa da takwas?"

"Akwai benen da zai hau. In ya hau, su zo. In bai hau ba, don Allah kada a ƙara yi min zancensa."

"Wane irin bene? Ke Auta, kina lafiya kuwa? Aure ake magana kina maganar..."

Na ce caji ya ƙare, Allah ya yafe min wannan ma.

Da na juyo sai na ga Hajiya ta buɗe firjin tana mayar da kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, manyan faranti a ƙasa, kofuna a sama, kamar yadda suke shekara uku.

Na ce, "Haba Hajiya, ki bar su a waje mana. Gobe sai an sake fitarwa."

Ba ta tsaya ba. "'Yata, ni na gama nawa jiran. Yanzu ke ce a taga."

Ta miƙo hannu in ba ta kofina mai tsagu a gindi, shi kaɗai ya rage. Na riƙe shi. Sati shida ina gaya wa kaina mutumin nan haushi kawai yake ba ni, kuma haushin yake ba ni har yanzu. Amma zan gaya muku abin da ban gaya wa Mama ba: ina so ya hawo. Ina so ƙwarai, har abin yana ba ni tsoro.

"Wannan a bar shi a waje," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta rufe firjin, ta ce in zo bakwai da rabi, za ta ɗora shayi.